Kwarashi, Ƙaramin Ƙarfe Mai Ciyad da Gida

(Jawabin da sashen mata na ƙungiyarmu ya gabatar a taron wata a nan Kumasi. Mun buga shi duka domin waɗanda ba su sami zuwa ba.)

 

Abin da aka ce mu yi magana bisansa yau ƙaramin abu ne. Tsawonsa bai wuce na biro ba, watau wajen santimita 15, kuɗinsa kuwa bai kai na cefanen yini guda ba. Shi ne kwarashi, ƙarfen nan mai ƙugiya da a ke saƙa hula da kayan jarirai da shi. Wataƙila wani cikin iyayenmu maza zai ce a ransa, a tara mutane domin wannan? To, Hausawa sun ce kome ƙanƙantar allura ƙarfe ce. Abin da mu ke so ku tafi da shi gida shi ne, kwarashi kayan sana'a ne sosai, kamar keken tela da sikelin mai awo. Wadda ta san lambarsa, ta kuma san lissafin lokacin da ta ɓata tana riƙe da shi, za ta ci moriyarsa. Wadda ta ɗauke shi abin rage zaman banza kuwa, za ta yi wahala wani ya kwashe ribar.

ASALINSA

Sunan nan kwarashi aro ne. Tushensa daga bakin Faransawa ya ke, ma'anarsa 'yar ƙugiya. Sana'ar kanta ba ta tsufa kamar yadda mutane ke zato ba. Saƙar masaƙa, irin wadda kakanninmu suka yi a Kano da Zariya, da kenten da a ke saƙawa a Bonwire nan kusa da mu, duk sun girme ta. Bayani na farko da aka sani an buga bisa yadda a ke saƙa da kwarashi ya fito ne a 1823, cikin wata mujallar mata ta ƙasar Holan mai suna Penélopé. Kafin nan akwai wani aikin ado da a ke yi da ƙugiya a Indiya da Farisa da Turkiyya: a ɗaure ƙyalle bisa katako ya yi tsam kamar fatar ganga, a riƙa cusa ƙugiya ana jawo zare daga ƙasa. Turawa suka koyi wannan aiki cikin ƙarni na 18. Waɗansu masana suna ganin daga nan ne aka gane, ashe ko an cire ƙyallen, zare yana iya riƙe zare ɗan'uwansa.

Inda kwarashi ya nuna amfaninsa ga talaka shi ne ƙasar Ailan, maƙwabciyar Ingila. A 1845 wata cuta ta faɗa wa dankalin Turawa, wanda shi ne abincin talakawan ƙasar, aka shiga yunwa ta shekaru. Wajen mutum miliyan guda suka mutu, wajen miliyan guda kuma suka yi hijira. Cikin wannan hali ne aka shiga koyad da mata da yara saƙar leshi da kwarashi. A birnin Cork mata masu zuhudu na Kirista ne suka koyar, a garin Clones kuwa wata mata mai suna Cassandra Hand, matar limamin cocin garin, ta tsaya bisa aikin. Waɗanda ba su da kuɗin sayen kwarashi sai su ɗauki allurar ɗinki, su karya gefe guda na idonta ta zama ƙugiya, su soke tsininta cikin guntun itace ko abin toshe bakin kwalba, shi ke nan sun sami kayan aiki. Leshin da suka saƙa aka kai shi London da Faris da New York, kuɗinsa ya ciyad da gidaje, ya kuma biya wa waɗansu kuɗin jirgin ruwa zuwa Amurka. Sarauniya Biktoriya ta Ingila ita ma ta iya saƙar. A 1900, tana tsohuwa mai wajen shekara 81, ta saƙa mayafan wuya guda 8 da hannunta, aka ba sojojin da suka yi fice a yaƙin Afirka ta Kudu.

SASSAN KWARASHI

In kun ɗaga kwarashi kun dube shi da kyau za ku ga sassa biyar gare shi. Akwai kai, shi ne tsinin da ke shiga cikin saƙa. Akwai wuya, inda ƙugiyar ke kama zare. Akwai gangar jiki, watau wurin da ya miƙe sumul a bayan wuya. Akwai ɗan wurin da aka daddale domin ɗora babban yatsa, nan ne a kan buga lamba. Sa'an nan akwai ƙota.

Cikin sassan nan biyar, gangar jiki ita ce sikeli. Ko wane zargen zare da aka yi, wanda mu ke kira ido, girmansa daidai ya ke da kaurin gangar jikin da ya zauna bisanta. Mai koyo ta kan yi idanunta bisa wuya, inda ƙarfen ya tsuke, sai saƙar ta ɗame, in ta zo layi na biyu kan kwarashin ya ƙi shiga. Sai ta ce zaren ne ba shi da kyau. Maganin abin shi ne ta riƙa tura ko wane ido ya hau gangar jiki kafin ta naɗa zare.

Wuyan ma iri biyu ne. Akwai wanda aka yanka ƙugiyarsa cikin jikin ƙarfen, kai da jiki kaurinsu ɗaya, irin na kamfanin Susan Bates. Wannan ya kan ba da idanu daidai wa daida, ya fi dacewa da mai koyo. Akwai kuma wanda wuyansa ya siranta a hankali, kansa ya ɗan turo gaba, irin na kamfanin Boye. Wannan ya fi sauri a hannun wadda ta ƙware. Kamfanonin nan biyu na Amurka ne. Na Japan, irin su Clover da Tulip, sun yi suna wajen santsi. Amma yawancin abin da ke zuwa mana Kejetia da Makola daga ƙasar Sin ya ke, cikinsa akwai mai kyau akwai marar kyau. In za ku saya, ku shafa wuyan bisa leɓe ko bisa ɗan siririn mayafi. In ya karce, ku ajiye shi, domin yadda ya karci mayafin haka zai tsage zare.

Kada kuma a rikita shi da wanda masu kitso ke ƙara gashi da shi, mai 'yar ƙofa da ke buɗewa tana rufewa. Shi ma a kan kira shi da wannan suna, amma ba a saƙa hula da shi.

RIKICIN LAMBA

A nan ne mu ke roƙon 'yan kasuwa su buɗe kunne. Sau da yawa yarinya ta kan zo rumfa ta ce, "Alhaji, a ba ni kwarashi lamba 6." Alhaji ya miƙa mata, ta biya, ta tafi. Alhali kuwa kwarashi huɗu ne ke amsa sunan lamba 6. A tsohon lissafin Ingila, lamba 6 kaurinsa milimita 5 ne. A lissafin Amurka, wanda aka rubuta wa G-6 milimita 4 ne. A lissafin Japan, irin wanda a kan buga bisa masu kai biyun nan masu ruwan zinariya, 6/0 milimita 3.5 ne. Cikin sirara na ƙarfe kuma akwai lamba 6 wanda bai kai milimita 2 ba. Ga suna ɗaya, ga kauri huɗu.

Har wa yau lissafin ba hanya guda ya ke bi ba. A na Amurka da na Japan, in lamba ta hau kauri ya hau. A tsohon na Ingila da na siraran ƙarfe kuwa, in lamba ta hau kauri ya sauka, har lamba 14 ta ƙarfe ba ta kai milimita guda ba. Saboda haka shawararmu ita ce, daga yau mai saye da mai sayarwa su bar zancen lamba, su yi zancen milimita. Shi ne ma'aunin da ba ya sākewa daga ƙasa zuwa ƙasa, yawanci kuma yana rubuce a wurin ɗora yatsa.

Ga yadda a kan haɗa su da zare. Siririn zaren auduga mai lamba 10, wanda a ke farar hula da leshi da shi, yana son na ƙarfe, milimita 1.5 zuwa 1.75. Shi ma zaren in lambarsa ta hau sirantaka ya ke yi, mai lamba 20 ko 30 sai kwarashin da ya fi wannan sirantaka. Ulu matsakaici na kayan jarirai yana son na alminiyam, milimita 3.5 zuwa 4. Ulu mai kauri na bargo yana son milimita 5 zuwa 6. Daga milimita 8 zuwa sama yawanci na roba ne ko na itace ko na gora, domin kada nauyi ya gajiyad da hannu. Takardar da aka naɗe dunƙulen zare da ita ta kan nuna kwarashin da ya dace. Kada a yar da ita, domin har lambar turin rini tana jikinta, dunƙule biyu masu launi ɗaya kuwa in turinsu ya bambanta, sai an fita rana za a ga tsakaninsu.

GWAJI KAFIN AIKI

Abin da takarda ta faɗa mafari ne kawai, gama hannu ba ɗaya ba ne. Mata biyu su zauna bisa tabarma ɗaya da zare ɗaya da kwarashi ɗaya, hular wannan ta fito ta yaro, ta waccan ta fito ta babba, don ɗaya tana jan zare da ƙarfi, ɗaya tana sassautawa. Domin haka wadda ta san aiki ba ta fara abin sayarwa sai ta yi ɗan gwaji. Ta saƙa ɗan ƙyalle wanda ya ɗara santimita 10 ko ta ina, ta shimfiɗa shi, ta ɗora tef ɗin tela, ta ƙirga ido nawa ke cikin santimita 10.

Bari mu yi lissafin tare, don gani ya kori ji. A ce kan Malam santimita 56 ne in an kewaya shi da tef. Sai a rage 2 domin hula ta kama kai, saura 54. A ce gwaji ya ba da ido 20 cikin santimita 10, watau ido 2 ko wace santimita. Ke nan hular tana bukatar ido 108 a kewayenta. To, a ce kwarashin ya ɓace, aka aro na maƙwabciya wanda ya ɗan fi shi kauri, yana ba da ido 18 maimakon 20. Idanun nan 108 za su ba da santimita 60, hula ta faɗo har kunne. In kuwa wanda aka aro ya fi shi sirantaka, yana ba da ido 22, za su ba da santimita 49, hula ta tsaya a tsakar ka. Bambancin da ido ba ya gani a jikin ƙarfe ya zama santimita 11 a kan mutum. Wannan shi ya sa mu ke cewa kwarashin da aka fara aiki da shi, da shi a ke gamawa.

Ga kuma yadda a ke tayad da tsakiyar hula. In da doguwar saƙa a ke yi, watau wadda a ke naɗa zare sau ɗaya kafin a cusa kwarashi, a fara da ido 12, a riƙa ƙara 12 ko wane kewaye: 12, 24, 36, 48, har kewaye na tara ya kai 108. In da gajeriya a ke yi, a fara da 6, a riƙa ƙara 6. Faifan zai kwanta shimfiɗe, faɗinsa ya kai wajen santimita 17, watau kashi ɗaya cikin uku na kewayen, a rage kaɗan. Daga nan sai a daina ƙari, a yi ta kewayawa, bangon hula ya sauko da kansa. In faifan ya lanƙwashe kamar ƙoƙo tun ba a kai nan ba, ƙarin ya yi kaɗan ko hannu ya ɗame. In ya yi tattara kamar ganyen latas, ƙarin ya yi yawa. Ko wanne ya faru, a warware. Alherin kwarashi ke nan: ido ɗaya tak ke raye a ko wane lokaci, in an ja zare ya warware har inda kuskure ya ke, a mai da ƙugiya a ci gaba.

'Yan matanmu da ke koyo ta YouTube su lura da abu guda. Saƙar da mutanen Amurka ke kira mai ɗaya, mutanen Ingila mai biyu su ke ce mata. Wadda Amurka ke kira mai biyu, a Ingila mai uku ce. Ku fara sanin mutumin wace ƙasa ke magana, ko kuwa ku bar sauraron sunan ku dubi hannunsa.

RIƘO DA KULAWA

Riƙo iri biyu ne. Waɗansu su kan riƙe shi kamar alƙalami, waɗansu kamar wuƙar yanka albasa. Duka daidai ne, bahaguwa kuma a bar ta da hagunta. Abin da ke cutarwa shi ne damƙa. In an matse siririn ƙarfe yini guda, wuyan hannu da gindin babban yatsa su kan yi ciwo, wani lokaci yatsu su yi sanyi su mutu. A naɗa wa ƙotar tsumma ko roba ta yi kauri, ko a sayi mai ƙotar roba. Ko wane rabin awa a ajiye, a miƙe yatsu, a dubi nesa domin ido ya huta. Baƙin zare da siririn zare aikin rana ne, kada a yi su da hasken wayar hannu. In ciwo ya ƙi tafiya a je asibiti, kada a ce za a daure.

Damunar Kumasi ba ta barin ƙarfe. A goge kwarashi bayan aiki, a ajiye shi cikin 'yar jaka wurin da ba laima. Na itace a shafe shi da kakin zuma. Lokacin hunturu, sa'ad da hannu ke kaushi yana kama zare, a shafa man kaɗe da dare, da safe a wanke hannu kafin a taɓa farin zare. Siririn na ƙarfe kuwa tsininsa kamar allura ya ke. Kada a bar shi bisa tabarma ko katifa, kada a soke shi cikin ɗankwali ko a sa shi a aljihu ba murfi, kada kuma yaro ya yi sakace ko susar kunne da shi. In ya shiga nama ƙugiyar ba ta fita da sauƙi.

Game da kayan jarirai, kada a sa musu dogon igiya a wuya, ko maɓalli da duwatsun ado da yaro zai iya cirewa ya haɗiye. Ulun roba yana narkewa in ya kusanci murhun gawayi, ya manne a fata, ga shi kuma da zafi a ƙasarmu. Auduga ta fi. Mai son ya gane, ya ƙona ɗan guntu: auduga ta kan ci kamar takarda ta bar toka, ulun roba ya kan narke ya dunƙule ya yi tauri, ulun tumaki kuwa ya yi ƙaurin gashi.

ABIN DA INJI BAI GĀJE BA

Yanzu mun zo ga zancen kasuwa. Saƙar tsinke biyu, irin ta rigar sanyi da safa, inji ya daɗe da karɓe ta, tun 1589 wani Bature mai suna William Lee ya ƙera na farko a Ingila. Saƙar masaƙa ma inji ya karɓe. Amma saƙar kwarashi ta ainihi har yau masana'antu ba su da injin da ke yin ta yadda hannu ke yi, domin ko wane ido sai an nemi wurin shigarsa an kammala shi kafin a wuce. Abin da inji ke fitarwa kwaikwayo ne. Saboda haka duk inda kuka ga saƙar kwarashi ta gaske, ko cikin kanti ko cikin kayan gwanjo da maƙwabtanmu Tonawa ke kira obroni wawu, ku sani wani ɗan Adam ne ya zauna ya yi ta ido bayan ido. In kun same ta da arha ƙwarai, to, an danne haƙƙin wani a wata ƙasa.

Mun faɗi haka da hujja. A yankin Narsapur na ƙasar Indiya mata sun fi shekara 100 suna saƙa leshi da kwarashi ana fita da shi ƙasashen Turai. Wata malama Bajamushiya mai suna Maria Mies ta zauna cikinsu ta yi bincike, ta buga littafi bisansu a 1982. Ta tarar mata fiye da 100,000 ne ke aikin, ko wace a cikin ɗakinta. Dillali ya kawo zare, ya komo ya karɓi leshi, ya ba ta abin da bai taka kara ya karya ba, masu fita da kayan kuwa suka yi arziki. Dalilin da a ke kafawa shi ne, ai matan aure ne, suna rage zaman banza ne kawai. Matan kuma ba su san juna ba, ba su san nawa a ke sayad da aikinsu a waje ba.

Ku gwama wannan da abin da ya faru a ƙauyen Njau na ƙasar Gambiya. A 1997 wata mata mai suna Isatou Ceesay da 'yan'uwanta mata kaɗan suka fara tsince ledojin da suka cika gari suna kashe awaki, su wanke, su yanka su sirara kamar zare, su saƙa 'yan jakunkunan kuɗi da kwarashi. Da fari dariya aka yi musu. Amma tare su ke aiki, su ke sa kuɗin kayansu da kansu, su ke ajiyar abin da suka samu, har ƙungiyar ta yaɗu zuwa waɗansu garuruwa. Kwarashin Narsapur da na Njau ƙarfe ɗaya ne. Bambancin shi ne wa ke riƙe da lissafi. Mu kuwa da leda ta toshe mana magudanan ruwa a Aboabo da Asawase da Nima, ba mu rasa irin wannan zare ba.

LISSAFIN KUƊI

Ga misali, ba farashin kasuwa mu ke faɗa ba. A ce zaren hula guda ya ci sidi 15, aikin ya ci awa 5, aka sayar sidi 25. Mai saƙa ta kan ce ta ci ribar sidi 10. Ba riba ba ce, ladan awa 5 ne, sidi 2 ko wace awa, ba a ma cire kuɗin trotro na zuwa sayen zare ba. Ta tambayi kanta, da ta yi awa 5 ɗin nan tana dama koko ko tana tuya ƙosai, nawa za ta samu? In abin da kwarashi ya ba ta bai kai wannan ba, to, sadaka ta ke yi ba ta sani ba. Sadaka abu ne mai kyau, amma sai da niyya.

Saboda haka ko wace mai saƙa ta ajiye ɗan littafi. Ta rubuta irin zare, da milimitan kwarashi, da yawan ido, da awannin da aikin ya ci. Farashi shi ne kuɗin zare, da ladan awanni, da ɗan abin da za a sake jari da shi. In aikin saƙo ne, ta karɓi kuɗin zare tun farko.

Kada kuma mu yi tseren arha da hulunan inji da a ke shigowa da su dozin-dozin. Ba za mu ci ba. Mu yi abin da inji ba zai yi ba: hula daidai kan mai ita, launin da ya shiga da rigar Sallarsa, kayan suna masu ɗauke da sunan jariri, da leshin bakin mayafi irin wanda matan Turkiyya ke yi suna kira oya. Mu kuma san lokaci. Hular Salla tun kafin azumi a ke fara ta, tun ran gini ran zane.

ROƘONMU

Roƙo huɗu muka zo da shi. Na farko ga 'yan kasuwa: ku ware kwarashi bisa milimita, ku rubuta a jikin kwali, in yarinya ta zo saye ku tambaye ta zaren da za ta yi aiki da shi. Wanda ya yi haka ba zai rasa masu komowa ba.

Na biyu ga masu saye, musamman iyayenmu maza: in 'yar zango ta sa wa hularta kuɗi, kada ku ce ai a gida ta ke zaune. Ku tuna awannin da ke cikinta. Arha ba ta ado.

Na uku ga iyaye da malamai: ku bar yara su koya, mata da maza. Aikin zare bai taɓa zama abin kunya ga namiji a wurin Hausawa ba, maza ne ke yi wa babbar riga aiki da allura tun kaka da kakanni. Yaron da ya ƙirga ido 108 ya raba su kashi tara ya yi lissafi, ko bai sani ba.

Na huɗu ga ƙungiya: muna roƙon a ba mu aron ɗaki guda na makaranta ran Asabar da la'asar, a kuma saya mana kwarashi iri huɗu domin masu koyo, milimita 1.75 da 3 da 4 da 5, da tef da almakashi. Zare kuwa mu za mu yi adashi, watau susu, mu saro shi tare, mu kuma zauna mu daidaita farashi domin kada wata ta karya wata. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wadda ke son shiga ta ba da sunanta wurin Magajiya bayan an tashi, in tana da tsohon kwarashi a gida ta zo da shi mu auna mata.

Iyakar abin da muka zo da shi ke nan.  Allah ya sa albarka cikin sana'o'inmu, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya zaunad da zangonmu da ƙasarmu Ghana lafiya.